Daga Zariya zuwa Legas ta jirgin sama: yadda za ka lissafa nisa da ainihin lokacin da tafiyar za ta ci

Mu nan Zariya kullum jirgi na shawagi a kanmu, musamman wanda ke zaune wajen Palladan ko Kwangila ko Samaru, amma waɗancan ƙananan jiragen na makarantar koyon tuƙin jirgi ne wato NCAT wadda aka kafa tun 1964, ɗalibai ne ke atisaye da su, babu jirgin fasinja na haya da ke tashi daga filin namu a kai a kai. Don haka duk Bazazzagen da zai je Legas ta sama dole ya zaɓi ɗaya cikin biyu, ko ya gangara Kaduna ko ya haura Kano filin Malam Aminu Kano. A nan ne mutane da yawa ke yin lissafin da bai cika ba, mutum ya ji an ce "ai Kaduna zuwa Legas awa ɗaya ce da 'yan mintoci" sai ya ɗora duk shirinshi a kan wannan, ya yi wa wani alƙawarin haɗuwa ƙarfe sha biyu a Idumota alhali jirgin ƙarfe goma zai hau. Abin na damuna wallahi, don na ga wanda ya rasa intabiyu ta haka, na ga mai kai mara lafiya asibiti da ya isa an tashi. Zaman da za ka yi cikin jirgi shi ne mafi ƙanƙanta a tafiyar gaba ɗaya, to bari mu bi lissafin daga tushe.

Fara da nisan, amma na sama ba na titi ba

Abu na farko ka raba nisan hanyar mota da nisan da jirgi ke bi. Mota daga Kaduna sai ta yi ta kwana tana bin garuruwa kafin ta ga Ibadan balle Legas, shi kuwa jirgi kusan miƙewa yake yi. Daga filin jirgin Kaduna zuwa filin Murtala Muhammed da ke Ikeja a miƙe wajen kilomita 635 ne. Daga Kano zuwa Legas wajen 835. Kano zuwa Abuja wajen 365, Kaduna zuwa Abuja kuma bai ma cika 200 ba, wajen 190 ne.

In kana so ka auna da kanka ba wuya. Buɗe Google Maps a waya, nemo filin jirgin farko ka danna yatsa a kai ka riƙe har jan alama ta fito, sai ka jawo bayanin da ya fito a ƙasa za ka ga wurin auna tazara, ka taɓa shi sannan ka ja taswirar har zuwa fili na biyu, adadin zai fito maka a ƙasan allo. Ka tabbata filin jirgin ka ɗora wa alamar ba tsakiyar gari ba, don na Kaduna ya fi kilomita 20 daga cikin gari, na Abuja kuma ya kusa 40. Wajen nema ya fi sauƙi ka yi amfani da haruffa uku da kowane fili ke da su, su ne ma za ka gani a jikin tikiti da takardar da ake liƙa wa jaka: Kaduna KAD, Kano KAN, Abuja ABV, Legas LOS. Ka lura da KAD da KAN, harafi ɗaya ne ya raba su, in ejan ne ya yankar maka tikiti ka duba da idonka kafin ka biya.

Sai maganar mil. Wasu shafukan da mil suke rubutawa kuma mil ɗin iri biyu ne, akwai na ƙasa wanda yake kilomita 1.609, akwai na ruwa wanda matuƙa jirgi ke aiki da shi, shi kuma kilomita 1.852 ne. Kenan 635 ɗin nan namu za ka iya ganinta an rubuta wajen 395 a wani wuri, a wani wurin kuma 343, duk abu ɗaya ake nufi, kar ka ɗauka wani ya yi ƙarya.

Wane irin jirgi ne

Mataki na biyu ka san irin jirgin da za ka hau, yawanci ana rubutawa a shafin da ake yankan tikiti, in babu ka saka lambar tafiyar a Flightradar24, shafin da ke bin diddigin jirage, zai nuna maka. Jiragen jet irin su Boeing 737 da Embraer da Airbus A220 in sun daidaita a sama suna gudun kilomita 800 zuwa 850 a awa. Masu farfela irin ATR 72 wajen 500 suke yi, Dash 8 Q400 shi yana da ɗan zafin nama yana kaiwa wajen 650. Wasu in sun ga mai farfela sai gabansu ya faɗi su ce tsohon yayi ne, ba haka ba ne, an ƙera shi ne musamman don gajeren zango saboda ba ya shan mai sosai, ƙararshi dai ta fi yawa kuma ba ya hawa can ƙololuwa kamar jet.

To yanzu lissafin. Ka raba nisan da gudun jirgin, abin da ya fito ka ƙara mishi minti 30. Kaduna zuwa Legas da jet: 635 a raba da 800 ya ba ka minti 48, ka ƙara 30, awa ɗaya da minti 18 kenan. Kano zuwa Legas: 835 a raba da 800 minti 63, da 30 ɗin ya zama awa ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Kano zuwa Abuja: minti 27 da 30, ya kusa awa guda. In ka duba abin da kamfanoni ke rubutawa a jadawalinsu za ka ga bai yi nisa da wannan ba. Da ATR kuwa Kaduna zuwa Legas zai kai ka wajen awa ɗaya da minti 45.

Ina minti 30 ɗin nan ke tafiya

Nan ne nake so a tsaya a fahimta da kyau, don shi ne dalilin da ya sa tafiyar kilomita 365 take cin fiye da rabin lokacin tafiyar kilomita 835. Lokacin da aka rubuta a tikiti ba daga tashin jirgi sama yake farawa ba, daga lokacin da aka cire katakon da ke tokare tayoyi jirgi ya fara motsi ne, har zuwa sanda ya tsaya cak a wancan filin aka sake tokare shi. Kafin ya tashi sai an tura shi baya, ya tayar da injina, ya yi ta rarrafe zuwa bakin titin tashi, ya jira hasumiya ta ba shi izini. A Kaduna wannan ba ya daɗewa don jiragen ba su da yawa, amma a Legas da safe sai ka leƙa taga ka ga jirage uku huɗu a layi gabanku kowa na jiran nashi.

Bayan ya tashi ma ba nan take yake kama gudun 800 ba. Ƙasa da ƙafa 10,000 ƙa'ida ita ce kar ya wuce wajen kilomita 460 a awa, sannan hawa zuwa ƙafa 30,000 ko sama da haka na cin kusan minti 15 zuwa 20. Saukowa ma haka, matuƙa na da wani lissafi da suke yi, kowace ƙafa 1,000 da za a sauko ana buƙatar mil 3 na ruwa, kenan jirgin da ke ƙafa 30,000 tun saura wajen kilomita 165 zai fara gangarowa yana rage gudu. Ka ɗora wannan a kan Kano zuwa Abuja ka gani, kusan rabin hanyar saukowa ce, shi ya sa da ƙyar ma'aikatan jirgi ke gama raba ruwa da biskit kafin ka ji an ce a ɗaura bel za a sauka. Shi ya sa kuma a gajeren zango irin Kano zuwa Abuja bambancin jet da mai farfela ba ya wuce minti goma sha, bai kai a ƙara kuɗi mai yawa saboda shi ba.

Ga kuma hanyar kanta, ba zare ba ce da aka ja a miƙe ɗoɗar, akwai layukan sama da NAMA, hukumar kula da sararin samaniya, ke kula da su, jirgi na bin su ne daga wannan alama zuwa waccan, kuma wajen sauka iska ce ke nuna ta wane ɓangaren titi za a shigo don jirgi iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka, wani lokaci sai ya zagaya gari kafin ya daidaita. Iskar sama ma in tana tura shi ta baya ya yi sauri, in ta gaba take ya ɗan ja, shi ya sa zuwa da dawowa kan bambanta da minti biyar ko goma.

Yanzu ka fito da lissafin daga ƙofar gidanka

Mataki na uku shi ne wanda ya fi shafarmu. Ɗauki takarda ka fara daga lokacin tashin jirgi ka riƙa komawa baya. A ce jirginka ƙarfe 10:00 na safe ne daga Kaduna. Kana so ka kasance a filin da awa ɗaya da rabi kafin lokacin, wato 8:30, domin kantar cekin, inda ake tantance tikiti a karɓi kaya, ana rufe ta minti 30 zuwa 45 kafin tashi gwargwadon kamfani, kuma in aka rufe ko kana hango jirgin ta gilashi ba za a ɗauke ka ba. Daga Zariya zuwa Kaduna wajen kilomita 80 ne, ka wuce Jaji, Birnin Yero, Maraban Jos, Rigachikun, ka shigo Kawo ka karya Mando, daga nan ka kama hanyar filin jirgi wadda ita ma tafiya ce mai ɗan tsawo. In motar gida ce kuma hanya lafiya awa ɗaya da rabi ta isa, amma ni awa biyu nake sakawa, saboda tirela ɗaya in ta faɗi wajen Maraban Jos ta isa ta tsayar da kowa. Kenan 6:30 ka bar gida, ka yi asuba ka ɗan karya ka kama hanya.

In motar haya za ka shiga a Kwangila ko Dan Magaji to ka ƙara aƙalla minti 40, don sai ta cika take tashi, kuma a Kawo za ta ajiye ka, daga nan sai ka nemi shatar taksi. Ka daidaita kuɗi da direba tun kafin ka shiga, ka faɗa mishi filin jirgin sama na fasinja kake nufi, don akwai sansanin sojan sama a wajen Mando kar a yi ta zagaye da kai.

A can Legas kuma jirgi ya tsaya wajen 11:20, kafin a kawo matakala ko bas, a sauko, jakunkuna su fara fitowa a kan bel, ka ba shi minti 30, ka fito wajen 11:50. Daga Ikeja in Agege za ka ba nisa, rabin awa na iya kai ka. In Idi-Araba ne ko Mile 12 ka saka awa guda. In kuwa tsallaken gada za ka, Idumota ko Obalende, ko can Alaba Rago, to ka saka awa ɗaya da rabi zuwa biyu ka yi addu'a kar ka faɗa goslo. Ka haɗa duka: ka bar Zariya 6:30, ka isa inda za ka tsakanin 12:30 da 2:00 na rana. Awa shida zuwa bakwai da rabi kenan, a tafiyar da aka ce maka awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Duk da haka ya fi kwana a hanya cikin bas nesa ba kusa ba, amma alƙawarin ƙarfe sha biyu a Idumota ba zai yiwu ba, ka ce musu bayan la'asar.

Kaduna ko Kano

Ta Kano lissafin na ƙaruwa ta wuri biyu. Hanya wajen kilomita 150 ce, ta Tashar Yari, Kwanar Dangora, Kura, ka shigo ta Na'ibawa, sannan ka ratsa cikin gari kafin ka kai filin, ka saka awa biyu da rabi zuwa uku. A sama kuma ƙarin minti 15 ne kacal. Jimla Kano ta fi Kaduna da wajen awa ɗaya ko ɗan fiye. To me zai sa mutum ya je Kano? Yawan jirage. Kano babban fili ne mai tarihi, tun 1925 jirgi ya fara sauka a garin, kuma kamfani irin Max Air can ne gidanshi, in aka soke tafiyar safe akwai yiwuwar ka samu wata a ranar. Kaduna jiragen ba su kai haka yawa ba kuma jadawalin kan canza, in aka soke naka wataƙila sai gobe. Filin Kaduna ya ga cika ne sosai a 2017 lokacin da aka rufe na Abuja sati shida daga 8 ga Maris don gyaran titin jirgi aka karkato komai nan, bayan nan ya koma yadda yake.

Ni ra'ayina, in tafiyar ba ta gaggawa ba ce kuma lokacin jirgin Kaduna ya yi maka daidai, ka bi Kaduna, ka rage gajiya da kuɗin mota. In kuwa abu ne da ba ya ɗaguwa, kamar ranar ganin likita ko biza ko za ka haɗa da jirgin ƙasar waje a Legas, ka bi inda jirage suka fi yawa kuma ka tafi tun ana gobe.

Abuja kuwa kar ma ka wahalar da kanka. Wanda ke Zariya ya tafi Kano don ya hau jirgin Abuja ya yi kamar mai zuwa Tudun Wada daga PZ ya bi ta Shika. Lissafa ka gani, awa biyu da rabi zuwa Kano, awa ɗaya da rabi na jira, awa ɗaya a sama, rabin awa na kaya, minti 45 daga fili zuwa cikin Abuja, ya haura awa shida, alhali mota daga Zariya wajen awa huɗu take yi in hanya ta yi kyau, ga kuma jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa da Idu da ya fara aiki tun 2016. Kowanne ka zaɓa dai ka yi tafiyarka da rana.

Hazo da hadari

Duk lissafin nan na sama na ranar da gari ya yi garau ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu in hunturu ya kankama ka san yadda hazo ke rufe mu, ka tsaya Kwangila ba ka hango ƙarshen gada sosai, to haka matuƙi ma ba ya ganin titin sauka. Kowane fili na da iyakar nisan gani da aka yarda a sauka da shi, in rahoton hukumar hasashen yanayi ta NiMet ya nuna an gaza wannan iyaka jirgi ba zai taso daga Legas ba ma balle ya zo ya ɗauke ku, ko ya zo ya yi ta zagaye ya juya Abuja. Kano da Kaduna duk abin na taɓa su. Da damina kuma hadari ne, jirgi kan kauce mishi ya yi zagaye ko a jira ya wuce, kuma ya fi haɗuwa da yamma. In aka ce an jinkirta saboda yanayi kar ka yi ta faɗa da yarinyar da ke kanta, ba ita ta tsayar ba, kuma tsayarwar don ranka aka yi.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce ka ɗauki jirgin farko na safe in akwai. Jirgi ɗaya ne ke yin zango huɗu biyar a rana, in ya makara minti 40 a zangon farko haka zai yi ta jan makarar tana ƙaruwa har dare. Kuma kafin ka bar Zariya ka buɗe Flightradar24 ka duba lambar tafiyarka, yana nuna lokutan da ta tashi a kwanakin baya, in ka ga kullum sai ta yi lattin awa biyu ka san da wa kake hulɗa. Amma fa ko ka ga alamar za a makara kai ka je a kan lokaci, sai dai in kamfanin ne da kanshi ya turo maka saƙon canjin lokaci, don haka lambar waya da imel ɗin da za a saka wajen yankan tikiti su zama naka ba na ejan ba.

Ka san haƙƙinka kuma. A dokar kare fasinja ta NCAA, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama, tafiyar cikin gida in jinkiri ya kai awa biyu ya kamata a ba ku ɗan abin taɓawa, in ya wuce awa uku kana iya cewa ka fasa a mayar maka da kuɗinka, in kuma abin ya kai tsakanin 10:00 na dare da 4:00 na asuba masauki da motar kai ku na wuyan kamfani. Hukumar na da jami'ai a filayen, ka tambaya a nuna maka teburinsu, ka yi magana cikin mutunci ka riƙe tikitinka da bodin fas, wato takardar shiga jirgi, a hannu.

Ƙananan abubuwa masu cin lokaci

Lokacin tikiti da agogon awa 24 ake rubuta shi, 07:30 safe ce, 19:30 bayan magariba ce, 14:00 ƙarfe biyu na rana. Ka riƙe katin shaida mai hoto, na ɗan ƙasa ko na zaɓe ko lasin tuƙi ko fasfo, kuma sunan ya yi daidai da na tikiti. Nauyin kaya ka duba abin da aka rubuta maka don kamfanoni sun bambanta, ka auna jakar tun a gida ko a sikelin masu hatsi, in tsarabar kilishi da yaji da daddawa ta yi yawa gara ka sani tun nan da ka tsaya kana kwance jaka a gaban layi. Fawa bank a jakar hannu ake saka shi ba a cikin kayan da za a jefa ƙasan jirgi ba, wuƙa da almakashi kuma akasin haka. In kamfanin na da cekin ta intanet ka yi tun daren, yana rage tsayuwa.

Sallah ma ka saka ta a lissafi, akwai masallaci a filayen, in jirgin rana ne ka yi alwala ka yi azahar kafin a kira shiga, matafiyi kuma yana da sauƙin kasaru da haɗawa.

Wajen dawowa ka kula, a Legas tashar jiragen cikin gida biyu ce, akwai MMA2 akwai tsohuwar da ake kira GAT, ba gini ɗaya ba ne, ka duba wacce kamfaninka ke amfani da ita kafin ka faɗa wa direba. Ka bar masauki da awa uku kafin tashi in daga tsallaken gada kake. Sannan ka lissafa lokacin saukarka Kaduna ko Kano ka ɗora awa biyu ko uku na hanyar Zariya a kai, har da awa guda ta ko-ta-kwana saboda latti. In lissafin ya nuna dare zai yi maka a hanya, tun kafin ka taso ka kira ɗan'uwa a Kawo ko Unguwar Dosa, ko Fagge in ta Kano ne, ka ce a gyara maka shimfiɗa, da safe ka shiga motar farko zuwa Kwangila.